Tazarar Malam Gwadabe

Waɗanda suka zo duniya bayan an daina gurza takarda da hannu ba za su san warin jan ruwan nan da ake shafa wa sitansil in an yi kuskure ba. Kamar jan farcen mata yake, ga hawa kai. Haruna akawu ya shaƙe shi shekara da shekaru a ɗan ofishin da ke kula da makarantun Gaya da ƙauyukanta, kuma har ya tsufa, in jikokinsa suka buɗe jan farce kusa da shi sai hankalinsa ya tafi can.

A wancan zamani, wajen shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira da kwabo, tafireta ɗaya ce tak a ofishin. Duk malamin da ke son a buga wa ɗalibansa tambayoyin gwaji sai ya rubuto da hannu, ya hawo keke ya kawo wa Haruna. Shi kuma ya ɗaura sitansil, wata takarda ce mai santsi da haruffa ke hudawa, ya buga, a ɗora ta a inji a yi ta juya hannu, takardu na fitowa da danshin tawada. Aiki ne mai daɗi, wallahi, kuma akawu a lokacin mutum ne da ake gaisarwa da girmamawa a kasuwa.

Hausa da tarihi ba su da wuyar bugu. Lissafi ne ɗan banzan aiki, don wanda ya ƙera tafiretar nan da alama bai ci lissafi a makaranta ba. Babu alamar rabawa a jikinta, sai Haruna ya buga ɗigo biyu, na sama da na ƙasa, ya komo baya ya ratsa tsakaninsu da gajeren layi. Alamar tarawa kuwa sai ya buga layin kwance, ya ɗauki tsinken ƙarfe ya ja na tsaye da hannu. Duk malaman yankin suna karɓar abin da ya buga da godiya, ban da mutum ɗaya.

Mutumin nan shi ne Malam Gwadabe, ɗan goggon Haruna, wato taubashinsa, abokin wasa tun suna kiwon awaki. Yana koyarwa a wata ƙaramar firamare a ƙasar Ajingi. Shi ya bi gida-gida ya roƙo yaran farko da aka buɗe makarantar da su, shi ya riƙe su tun daga aji ɗaya, ga su yanzu a aji shida suna hangen jarrabawar shiga sakandare.

"Akawu, wannan lissafi ne ko motar Wudil ranar kasuwa?" haka yake cewa in ya duba aikin. "Ka cusa bakwai da alamar tarawa da biyar, kowa a cinyar wani. Ba kowace alama fili, gabanta da bayanta. Alamar daidai ma ka bar ta ta sha iska."

"To, ɗigon nan na tsakanin naira da kwabo fa, shi ma in gina masa ɗaki?"

"Shi kar ka raba shi da lambarsa, ɗan gida ne. Haka lambar da ke cikin baka, ta jingina da bakanta. Alamomin aiki kawai nake faɗa maka, su ne baƙi a tsakani."

Haruna ya yi ta mita, amma a ransa ya san da gaskiyar taubashin nasa. Tazara ɗaya gaba, ɗaya baya, sai layin ya fito tsaf, ko shi da ya buga sai ya ji daɗin kallonsa.

Da aka shiga sabuwar shekara, Malam Gwadabe ya ce tazara ɗaya ta yi kaɗan, a mayar da ita biyu. Haruna ya buɗe baki zai yi masa tsiyar da ya saba, sai ya ga yadda ya ɗauki takardar ya nufi taga, ya kai ta har kan hancinsa, yana karkata kai gefe. Ya fasa tsiyar. Da aka tashi, ya raka shi har bayan gari, suna tura keken a tsakaninsu, sannan ya tambaye shi.

"Idon ne," in ji Malam Gwadabe, ba tare da kwana-kwana ba. "Na je Kano, an ba ni tabarau, an ce ba yanar ido ba ce da za a cire. A hankali yake tafiya. In abubuwa suka matsu sai su haɗe mini, in suna da fili ina rarrabe su. Akawu, so nake in kai yaran nan ƙofar jarrabawa, shi ke nan roƙona. In Malam Bubayero ya ji, dole ya rubuta a sallame ni, aikinsa ne."

Malam Bubayero shi ne mai duba makarantun yankin, kuma shugaban Haruna a ofis. Mutumin kirki ne, amma ba ya wasa da ƙa'ida, ba ya kuma wasa da kayan gwamnati.

Daga ranar Haruna ya shiga aikin rufin asiri. Takardar Malam Gwadabe in ta zo, tazara biyu yake ba kowace alama, ya kuma daki haruffan da ƙarfi don su hudu sosai, tawada ta fito baƙi ƙirin. Tambayoyin da a da suke shiga sitansil ɗaya suka koma cin biyu. Don kada a ga giɓi a kwalin sitansil, sai ya koma matse aikin sauran malamai. Malaman tarihi na wannan shekara sun sha mamakin yadda sarakunan Kano suka koma zama a cunkushe, babu wanda ya san dalili.

Duk da haka ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wata rana Malam Bubayero ya ɗaga ɗaya daga cikin takardun ya ce, "Malam Haruna, wannan filin da ka bari tsakanin lambobi, gyaɗa za a shuka a ciki?"

"Ranka ya daɗe, yaran ƙauye ne, idonsu bai saba da ƙananan rubutu ba."

Malam Bubayero ya dube shi ya ɗan jima, sannan ya ajiye takardar ya shige ofishinsa. Haruna ya ji kunyar ƙaryar nan ƙwarai, har ya kasa cin abincin rana, amma ya san gobe ma in aka tambaye shi haka zai sake faɗa.

Yaran suka shiga aji bakwai, tazara ta koma uku. Ranakun da Malam Gwadabe ke zuwa Gaya su ne Haruna ya fi tunawa daga baya. Sukan zauna a gindin darbejiyar ofis da ƙwaryar fura, su yi ta yi wa juna tsiya, Malam Gwadabe yana lissafa yaransa ɗaya bayan ɗaya: wannan zai yi likita, wancan sai dai a yi masa addu'a, Hanne kuwa, 'yar wani manomi a Toranke, kanta ya fi na malaminta. Haruna ya fara sakin jiki, yana ganin za su kai.

Ana saura 'yan watanni jarrabawa, sai ga Malam Gwadabe da hantsi, ba keke, motar kasuwa ce ta sauke shi. Hannunsa babu takarda. Ya laluba bencin da ke gaban teburin Haruna ya zauna, suka gaisa.

"Yau ba aikin bugu?" in ji Haruna.

"Shekaranjiya na fito da Hanne gaban allo," in ji Malam Gwadabe. "Ashirin da huɗu, a raba shida. Ta rubuta huɗu. Ni kuwa alamar tarawa na gani a takardata, na ce mata ba daidai ba ne, talatin ne. Na jira in ji an yi mata dariya yadda yara suka saba, ban ji ba. Ta goge huɗunta ta rubuta talatin. Sai na ji ƙarar gogewa daga kowane benci, ajin gaba ɗaya. Da aka fita hutun ƙarfe tara na kai takardar cikin rana, na ga ɗigon nan biyu."

Hankalin Haruna ya tashi. "Laifina ne, Malam, ɗigon ne bai hudu da kyau ba. Zan yi tazara huɗu. Alamomin ma zan daina bugawa, da hannu zan ja maka su manya-manya. Saura ƙiris fa."

"Aikinka ba shi da laifi, Akawu. Yaran nan sun sani, kuma sun daɗe da sani. Duk cikinsu babu wanda bai samu huɗu ba, ni na koya musu. Abin da nake koya musu yanzu shi ne su goge amsar gaskiya don kada babba ya ji kunya. Da wannan zan tura su ɗakin jarrabawa?"

Tausayi ya cika Haruna, da wani irin haushi da bai san wanda zai ɗora wa ba.

"Malam Bubayero yana ciki?"

"Yana ciki."

"To, a turo musu mai ido tun da sauran lokaci. Ni zan faɗa masa da bakina, kuma ba zan sa sunanka ba." Ya miƙe, ya tsaya yana fuskantar wajen da yake zaton ƙofar take, ya ɗan kauce mata. Sannan ya miƙo hannu. "Zo ka kai ni."

Tun suna yara Haruna ya sha kama hannun nan, a kokawa da wasan langa, amma bai taɓa kama shi don ja-gora ba. Ya taso daga bayan tafiretar ya riƙe shi, suka bi baranda a hankali.

"Akwai dakali a gabanka, Malam," in ji shi. "Ɗaga ƙafa."