Garin Amala a Rumbun Unguwa

Shekara talatin da ɗaya Dolapo ta yi tana ɗinki a Bagudo, a wani ɗan shago da ke jikin gidan da suke haya, bakin hanyar da ta nufi Lolo. Mutanen unguwa ba sa kiran sunanta. Iya Dapo suke ce mata, da sunan ɗanta na fari da ke aiki a Ibadan. Mijinta Adekunle mai gyaran injin ban ruwa ne, duk manoman shinkafar bakin kogi sun san shi. Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Ya dawo daga fadama ya ce kansa na sarawa, ya kwanta, kafin a samo mota ya cika.

Da aka gama zaman makoki 'ya'yanta suka koma kudu, ita ta zauna. Ba ta sauya komai ba. Da safe ta share gaban shago, ta dafa shayi ba madara, ta yanka yadi tun idonta bai gaji ba. Ba ta son yaji da yawa, abin da maƙwabta suka daɗe suna yi mata tsiya a kai, wai ba su taɓa ganin Bayarabiya mai gudun barkono ba sai ita. Ranar kasuwar Lolo kuwa ta rufe shago ta hau kabu-kabu, kamar yadda ta saba tun Dapo yana goye.

A kasuwar akwai wata tsohuwa da ke tsallakowa daga ɓangaren Benin da garin busasshiyar doya, wanda ake tuƙa amala da shi. Da ta hango Dolapo sai ta fara auna tiya biyu tun kafin su gaisa. Ba sa jin yaren juna sosai, da 'yar Hausa da hannu suke ciniki. Zuwanta na farko bayan rasuwar, Dolapo ta buɗe baki za ta ce a bari, sai ta ga tsohuwar har ta ɗaure leda tana murmushi. Ta karɓa. Sati na gaba ma ta karɓa.

Ita kanta amala ba ta dame ta ba. Nauyi take yi mata a ƙirji. Don mijinta take tuƙawa kusan kullum, ta ci 'yar loma biyu tare da shi. Yanzu da babu mai ci, sai ta riƙa juye garin a manyan robobin fenti da ta wanke, tana shanya shi a rana lokaci-lokaci don kada ƙwari su shiga. Robobi uku suka cika a bayan ƙofar ɗakinta.

A shekarar nan kogi ya yi ambaliya a ƙarshen damina, ya cinye shinkafa tana dab da nuna, ya rushe gidaje a ƙauyukan bakin ruwa. Mutane da yawa suka hauro gari, wasu wajen dangi, wasu suka kafa bukkoki a bayan unguwa. Sai ga sanyi ya shigo da ƙarfinsa. Da asuba ruwan randa sai ya ƙona hannu.

Malama Safina, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita ta buɗe wani ɗaki a zauren gidansu ta ce kowa ya kawo abin da ya samu na abinci. Mai buƙata kuma ya zo ta ƙofar baya ya ɗiba, ba a tambayar sunansa. Mutane suka sa wa wurin suna Rumbun Unguwa. Gida-gida ta bi tana faɗa, har ta zo shagon Dolapo.

"Iya Dapo, ko kwano ɗaya ne. Gero, masara, wake, duk abin da ya sawwaƙa."

"Ina da abu," in ji Dolapo. "Ina da shi da yawa ma."

Washegari ta ɗauki robobin ɗaya bayan ɗaya a ka, sawu uku, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Da ta dawo ta share wurin da suke, ta tsaya tana kallon zanen da gindinsu ya bari a siminti. Ranar har waƙar coci ta yi a kan keken ɗinki.

Bayan sati biyu ta kai wa Safina wasu rigunan sanyi da ta haɗa da ragowar yadi. Ɗakin ya kusa zama wayam. Buhunan gero sun kwanta, masara saura ƙura a gindin buhu. Robobinta uku kuwa suna kusurwa, an ɗora tsintsiya a kan ɗaya.

Safina ta ga inda idonta ya tsaya. Ba mace ce mai kewaye-kewaye ba.

"Kada ki ji haushi, Iya. Suna buɗewa su ga garin ya yi duhu, sai su rufe. Wata ta ce ya lalace ne, wata ta ce kamar an haɗa da toka. Na yi bayani har na gaji. Mutanen ƙauye ne, ba su saba da shi ba."

"Gari ne mai kyau. Ni nake shanya shi da hannuna."

"Na sani."

"To bari in kwashe abina, kada ya tare muku wuri."

"Ki bar shi tukuna. Sanyin bai wuce ba."

Dolapo ta fito kunya na cin ta, kamar ta kai wa mutane shara. A hanya ba ta gaida kowa ba. Da yamma Dapo ya kira, ta ba shi labari tana ƙoƙarin mai da shi abin dariya. Bai yi dariyar ba. Ya ce ta gani ko, shekara talatin amma har yau baƙuwa ce a wurin, ta tattara ta taho Ibadan, akwai ɗaki. Ta ce tana da ɗinkin mutane a hannu. Ya ce kullum haka take cewa.

Kwana huɗu bayan haka wata mata ta zo shago da buhunan shinkafa guda biyar da aka farke. Siririya ce, ta lulluɓe da zani biyu, tafin ƙafarta duk ya tsage. Ta ce sunanta Rabi, daga bukkokin bayan unguwa, tana so a haɗa mata buhunan su zama labule, don iska na shigo musu ta ƙofa kuma mijinta na tari. Dolapo ta sauya allura ta fara. Rabi ta zauna a benci, kuma da alama ta daɗe ba ta samu mai saurare ba, don ba ta yi shiru ba. Ta faɗi yadda ruwa ya shigo, da awakin da suka tafi, da jirgin mijinta da ya fashe.

"Shekaranjiya na je rumbun Malama, ban iske komi ba sai wani baƙin gari. Na ce yunwa ba ta zaɓe, na ɗibo. Iya, na yi talge, na zuba, na bar shi bisa wuta kamar tuwon masara. Abin ya koma gudaji-gudaji, ya kama tukunya, ga ɗaci. Malam ya ci loma ukku bai ce komi ba, ya wanke hannu. Wanda ya kawo garin nan Allah ya saka mishi, amma ban san laifin da munka yi mishi ba."

Ta yi dariya har da tari. Dolapo ta ci gaba da taka keke har ta kai ƙarshen layin, ta yanke zare.

"Ni na kawo."

Rabi ta rufe baki da gefen zani. Ta fara ba da haƙuri, Dolapo ta ɗaga mata hannu.

"Da saura?"

"Da saura, Iya."

"Kina da kuɓewa?"

"Busassa. Da ɗan kifi da Malam ya samo."

"To tashi mu je. Ba a yi masa talge."

La'asar ta yi lokacin da suka isa. Bukkar ta kara ce da leda, murhu a waje. Dolapo ta ɗaura zani a ƙugu, ta sa ruwa ya tafasa sosai, ta janye itace biyu, ta zuba garin a tashi ɗaya tana tuƙawa da sauri, tukunyar a tsakanin ƙafafunta. Hannunta bai manta ba. Ta yayyafa ruwa, ta rufe kaɗan, ta sake tuƙawa har ya yi santsi yana sheƙi. Matan bukkokin kusa suka taru suna kallo. Ɗaya ta gutsura ta ɗanɗana, ta ce ashe haka yake, ta sake gutsura.

Mijin Rabi, Haliru, dattijo ne mai farin gemu, yana zaune a tabarma cikin bargo. Ya ci amalar da miyar kuɓewa a hankali, har ya sauke bargon daga kafaɗa. Da ya gama sai ya dubi baƙuwar da kyau.

"Ke ba iyalin Kunle mai inji ba ce?"

"Ni ce."

"Allah sarki. Mun ji rasuwarshi, ruwa ya hana mu zowa. Mutumen kirki. Shekara da shekaru shi ka gyara muna inji. In ya zo fadama ba ya tahiya sai ya ci tuwon shinkafa da miyar kuka wurin Rabi. Malmala biyu, wani lokaci ukku."

"Tuwon shinkafa?"

"Shi dai. Ya ce duk duniya ba abincin da ya kai mishi shi. Na ce to ka sa a yi maka a gida mana. Ya ce a'a, uwargida amala taka so, in ta tuƙa ba ya iya ce mata komi, ya ga tana jin daɗin yi."

Rabi ta tabbatar, tana murmushi, ta ce har ƙanzo yake nema. Su a ganinsu labari mai daɗi suka ba ta.

Dolapo ta wanke hannu. Ta nuna wa matan yawan ruwan da ake sawa, ta amsa godiya, ta kama hanya tun rana ba ta faɗi ba. A gida ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba. Ta tuna ranar da aka kawo ta gidan Adekunle, uwarsa ta ja ta gefe ta ce ɗanta ba ya ƙoshi sai da amala. Daga ranar ba ta sake tambaya ba. Shi ma bai taɓa tambayar ta ba. Ko kuwa dai ya faɗa wa Haliru haka ne don ya faranta wa masu masauki? Adekunle mutum ne mai yabon girkin kowa. Ta juya maganar ta kowane gefe, ba ta samu inda za ta tsaya ba.

Ta kira Dapo.

"Babanka yana son amala?"

"Mama, wace irin tambaya ce wannan? Kullum ita yake ci."

"Na san yana ci. Ina tambaya ko yana so."

Ya ce bai taɓa lura ba, kuma yana cikin mota, zai kira ta gobe. Ta ajiye wayar. Babu sauran wanda za ta tambaya. Ta yi kuka, wanda rabonta da irinsa tun ranar jana'iza, har da ɗan haushi a ciki, ba ta san ko nasa take ji ko nata ba.

Da safe ta share gaban shago kamar kullum. Wajen hantsi sai ga Safina.

"Iya Dapo, me kika yi musu jiya? Tun asuba mata ke zuwa neman baƙin gari. Roba ɗaya ta kusa rabi. Amma wasu na tsoron su ɓata shi. Ko za ki riƙa zuwa ranar Asabar ki nuna musu?"

Ta yarda. Asabar biyar ta yi tana zuwa zauren Safina, ta tuƙa tukunya ɗaya a gaban mata, kowa ta ɗibi gari ta tafi. Ba ta yawan magana. Wasu sun so shi, wasu sun ce dai ya fi kwana da yunwa. Wata tsohuwa ta ce ita har ta mutu ba za ta ci tuwo mai kalar laka ba, aka ba ta sauran wake. A kasuwar Lolo kuma Dolapo ta dafa hannun mai garin kafin ta auna, ta ce mata maigida ya rasu, tun bara waccan. Tsohuwar ta ajiye tiya ta riƙe hannunta da hannu biyu, ta yi ta magana da yarensu. Daga ranar masara da gero Dolapo ke saya, ta sauke su a rumbu kafin ta wuce gida.

Rabi takan biyo shago ta zauna a benci, wani lokaci ta taya ta warware ɗinki. Sau biyu Dolapo ta yi niyyar sake tambayar ta abin da Adekunle ya ce, da yadda fuskarsa take lokacin da ya faɗa. Ba ta tambaya ba.

Da sanyi ya fara sauka, ƙasar bakin kogi ta bushe daidai shukar rani, mutanen bukkoki suka fara komawa. Safina ta rufe rumbu ta ce sai kuma baɗi in da rai. Rabi ta zo sallama da sassafe, kayansu a kan amalanke, Haliru na tsaye a bakin hanya.

"Iya, in shinkafa ta nuna ki zo ki gan mu. Ba nisa, kabu-kabu na kaiwa har bakin ruwa."

"In Allah ya yarda."

Ta raka su har inda kwalta ta ƙare, ta tsaya har suka sha kwana. Da ta dawo ta tarar an ɗauke wuta. Akwai kayan makaranta guda shida da ta yi alkawarin gamawa kafin Litinin. Ta jawo keken ƙafa zuwa bakin ƙofa inda haske yake, ta zauna. Har azahar ba wanda ya shigo.