Abin da Marubucin Bai Faɗa Ba

Saura kwana goma sha tara a yi jarrabawa a Abuja, Safiyyah ta sake yin gwaji a kwamfutarta, ta kuma sake faɗuwa a inda ta saba faɗuwa. Lissafi bai taɓa ba ta wahala ba. Shekara takwas ke nan tana aiki a sashen lafiya a Tarauni, kullum cikin alƙaluman rigakafi take. Abin da ke kayar da ita shi ne sashen karatu, inda za a ba mutum dogon rubutu da Turanci a kan taurari ko tarihin wasu mutane, sannan a jero masa amsoshi biyar da suka yi kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, a ce ya zaɓi guda.

Jami'ar da take nema a ƙasar waje, don digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, ta yanke makin da ba ta karɓar ƙasa da shi. Bara Safiyyah ta zauna jarrabawar, maki huɗu suka hana ta. Bana kuwa idan ta sake rasawa, shekarunta za su haura iyakar da masu ba da gurbin karatun suka sa. Ga shi jarrabawar tana da wayo: idan mutum ya yi ƙoƙari a kashin farko, sai ta turo masa tambayoyi masu tsauri a kashi na biyu, kuma babban makin a can yake. Ita kuwa da zarar ta shiga masu tsaurin sai kanta ya ɗaure.

Sau biyu a mako guda mai adaidaita sahu yana wucewa da ita wurin saukarta, daga Gyadi-Gyadi har gaban kasuwar Tarauni, tana duƙe a kan takarda ba ta sani ba. A ofis, Sista Rifkatu, wadda suke tebur ɗaya, ta ɗauki takardar ta duba.

"Ke, wannan ai a kan rijiyoyi da ciwon gudawa ne. Aikinki ne fa."

"Shi ne abin da ya fi ɗaga mini hankali, Sista. A kan abin da na sani na fi faɗuwa."

Ranar Asabar da hantsi ta je Unguwar Gano gaida mahaifinta. Malam Maje ya yi shekara talatin yana magatakardan kotu kafin ya yi ritaya. Yanzu idonsa ya yi rauni, Turancinsa ma dama na cike fom ne. Yana zaune a zaure a kan buzu, ya ji gaisuwarta ba ta da lakka.

"Uwata, lafiya kuwa? Muryar nan ba taki ba ce."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba. Ta so ta ce babu komai, sai ta ji hawaye na neman zubowa. Ta faɗa masa duka.

"Kina tare da takardar? To karanto mini, ki juya mini da Hausa."

Ba ta ga abin da zai yi da ita ba, amma ta ciro. Labarin wani gari ne da aka haƙa wa sababbin rijiyoyi, a shekarar kuma masu ciwon gudawa suka ragu. Tambayar ita ce: wace magana ce marubucin zai yarda da ita?

"Ke me kika zaɓa?"

"Cewa ruwa mai tsabta ne ya rage ciwon."

"Wa ya faɗi haka?"

"Ai kowa ya sani, Baba. Da idona na gani a wurin aiki."

"Ban tambaye ki kowa ba, ban kuma tambaye ki idonki ba. Shi mutumin, a ina ya faɗa? Koma ki karanto a hankali, kada ki tsallake ko harafi."

Ta koma farko. A tsakiyar sakin layi na biyu ta tsaya. Akwai wata 'yar kalma da ta tsallake ɗazu, ma'anarta "sai dai kuma". Bayanta marubucin ya ce a wannan shekarar mutane da yawa sun bar garin, saboda haka ba a san ko masu ciwon ne suka ragu ko mutanen ba.

Malam Maje ya gyara zama. "Ina sabon shiga aiki, wani mai shaida ya ce ya ga mutum a bakin garke da yamma. Ni kuma na rubuta ya ga mutumin ya kwance akuya, don a raina na riga na yanke shi ne. Da aka karanto, mai shaidar ya ce shi bai faɗi haka ba. Alƙali bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi ya ce in goge. Har yau in na tuna sai na ji kunya. Ke ma rubuta masa kike abin da bai faɗa ba."

Daga ranar, kullum ta tashi daga aiki sai ta biya ta Unguwar Gano bayan La'asar. Ta karanta, ta fassara, shi kuma ya yi ta tsare ta da tambaya. Wannan maganar tasa ce, ko ta wani yake kawowa don ya rushe ta? Cewa ya yi "duka" ko "galibi"? Ya tabbatar, ko cewa ya yi "mai yiwuwa"? Wani lokacin har ta ƙule.

"Baba, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. A kan irin wannan ake ɗaure mutum."

Amsoshinta suka fara yin daidai, sai wata matsalar ta ɓullo. Karatun a-hankali yana cin lokaci, jarrabawar kuwa da agogo ake yin ta. Saura kwana biyar ta yi cikakken gwaji, lokaci ya ƙare tana da tambaya huɗu ba ta taɓa ba. Makin da ya fito ya gaza da ɗaya. Ta zauna tana kallon allon kwamfutar. Ta shiga lissafa waɗanda suka san tana wannan nema: mijinta Usaid da ya karɓi kai yara makaranta wata biyu, shugabanta da ya rubuta mata takardar shaida, har maƙwabta da suka fara tsokanarta da "Dakta". Da wace fuska za ta sake ce musu bai yiwu ba?

Washegari ta ce wa Sista Rifkatu ita fa tana ganin fasawa za ta yi.

"Ki fasa ki ce me? Ba ni rahoton makon nan, ni zan haɗa. Ki tafi wurin Baba, kada in sake ganinki a nan sai kin dawo daga Abuja."

A kwanakin da suka rage, Malam Maje ya ajiye agogon hannunsa a kan buzu, ya hana ta fassara. Ta karanta a zuci, ta faɗa masa da jimla ɗaya abin da marubucin ke nufi, ta wuce. Idan ta tsaya jinkiri sai ya ƙwanƙwasa sandarsa a ƙasa.

Ranar jarrabawa, a wani ɗaki mai sanyi a Abuja, aka karɓi jakarta da wayarta aka kulle a akwati, aka ba ta ɗan makulli. Kashin farko ya zo da sauƙi. Na biyu kuwa, rubutun farko a kan wasu ƙwari ne da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara. Ta karanta layin farko sau uku ba ta fahimci komai ba. Agogon da ke saman allo yana ta raguwa. Ta yi Bismillah, ta ɗora yatsa a kan allon tana bin kalmomin ɗaya-ɗaya, tana neman inda marubucin ya juya magana. Ta same shi a layi na shida. Daga nan ta kama hanya, duk da haka tambayoyi biyu na ƙarshe cankar su kawai ta yi, saura daƙiƙa tara.

Allon ya tambaye ta ko tana so ta ga makinta ko a soke. Ta danna a nuna mata.

Daidai makin da jami'ar ta nema ne, ko ɗaya bai hau ba. Ta karanta, ta rufe ido, ta buɗe ta sake karantawa, har sai da mai kula da ɗakin ya zo ya raɗa mata cewa wasu na jiran kujerar.

Ta fito cikin rana tana tafiya ba ta san inda ta nufa ba, bakinta na ta maimaita Alhamdulillahi. Sai da ta kai bakin titi ta laluba za ta kira Baba, ta ji babu jaka a kafaɗarta. Ta buɗe hannunta, ga ɗan makullin akwatin nan ta damƙe shi har ya yi mata shaida a tafi. Ta juya da sauri ta koma ciki, mai gadin ƙofa yana tambayarta ko lafiya.