Girbin Baba Orest

Motar ce ta fara tayar wa Larysa da hankali, tun kafin ta ga mai ita. Tsohuwar a-kori-kura ce ja ta Orest Pawluk, an ajiye ta a karkace a ƙofar asibitin garin da rana tsaka, a watan Satumba, lokacin da kowane manomi a wannan yanki na Saskatchewan, a ƙasar Kanada, yake cikin injin girbi yana cin abincinsa a kan cinya. Ita 'yar manomi ce, marigayi Metro. Ta san ba a ganin irinsu a asibiti a wannan watan ko da yatsa ya tsage, ɗaure shi suke yi da tsumma su ci gaba da aiki. Duk wanda ya kashe injinsa ya kawo kansa, to ba ƙaramin abu ne ya kawo shi ba.

Ita kaɗai ce likita a garin tun da tsohon likitan ya yi ritaya, kuma rabin waɗanda take dubawa sun san ta tun tana yarinya mai ɓoye littafi a cikin riga in za a je coci. Ta ba masu jira haƙuri, ta ce wa Marlys, nas ɗin da suke aiki tare, ta shigo da shi yanzu.

Ya shigo da ƙaiƙayi a kafaɗunsa, hularsa a hannu. Bai zauna ba.

"'Yar Metro, ba ni maganin ƙwannafi in wuce. Kabejin da Darlene ta bar mini a firji ne ya tsaya mini a ƙirji."

"Zauna tukuna, Baba Orest. Ina ita Darlene ɗin?"

"Tana birni wajen 'yarmu, jego ake yi. Kuma ba ruwanki da ita."

Gumi ne a goshinsa, alhali ɗakin da sanyi. Yana magana yana murza muƙamuƙinsa, hannun hagu kuma ya bar shi a rataye kamar ba nasa ba. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce tun hantsi. Ta san in manomi ya ce tun hantsi, to tun jiya ne. Da ƙyar ya yarda ya kwanta Marlys ta manna masa wayoyin gwajin zuciya, yana ta mitar cewa gashin ƙirjinsa suke so su tsige.

Larysa ta karɓi takardar da injin ya fitar, ta duba, ta sake dubawa. Ta ba shi ƙwayar asfirin ta ce ya tauna, ta yi wa Marlys alama da ido ta kira motar asibiti, sannan ta jawo kujera kusa da gadon.

"Ba kabeji ba ne. Ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciyarka jini ce ta toshe. Zan yi maka allurar da za ta narkar da abin da ya toshe ta, amma sai an kai ka birnin Saskatoon sun buɗe ta sosai. Yau, ba gobe ba."

Ya ci gaba da tauna ƙwayar, fuskarsa a yamutse saboda ɗaci.

"Yi mini allurar. Birni kuma sai ranar Litinin."

"Ba lallai ka kai Litinin ba."

"An ce ruwa zai sauka ranar Asabar. Alkamata tana tsaye, rabinta ban taɓa ba. In ruwa ya dake ta, sai dai abincin shanu. Kin karanta wannan a makarantar likitocin, ko ba a koyarwa?"

Ya tashi zaune ya fara ɓalle wayoyin daga ƙirjinsa ɗaya bayan ɗaya. Larysa ta san dokar aikinta: mutum in yana cikin hankalinsa, ba ta da ikon tsare shi. Iyakarta ta gaya masa gaskiya, in ya ƙi, ta buɗe masa ƙofa. Ta hango shi a ranta cikin injin girbin nan shi kaɗai a tsakiyar gona, injin yana tafiya, ba kowa a kusa.

"Bari in kira Wendel Friesen," ta ce. "Maƙwabcinka ne, ya kusa gama tasa. Shi zai tara sauran manoma su girbe maka."

"Kada ki kuskura."

"Ba zan kira kowa ba sai ka yarda. Ciwonka sirrinka ne. Shi ya sa nake roƙonka."

"Wendel? Wanda in ya ja layi a gona sai ka ce maciji ne ya wuce?"

"Ai ba don layinsa ba ne kake ƙi."

Ya ɗaga kai ya dube ta. Marlys ta shigo da allurar a faranti, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kin san wa ake yi wa wannan," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ni nake tara su. Duk gayyar girbin da aka yi a garin nan, ni na bi gida-gida. An yi wa matar Kowalchuk. An yi wa matar Bergen. In kin ga injuna sun jeru a gonar mutum, matan gari sun kawo abinci a bayan mota, to mai gonar yana maƙabarta. Ni ban mutu ba."

Larysa ba mai yawan magana ba ce, kuma tun tana ƙarama in babba ya ɗaga murya sai kalmomi su gudu su bar ta. Ta dubi takalmansa masu laka a kan farin zanen gadon, ta jira har numfashinta ya daidaita.

"An yi wa mahaifiyata ma," ta ce. "Ina tsaye a bakin gona a ranar. Kai ne a gaba, da koren injinka. Na ga yadda kuka share gonar babana kafin rana ta faɗi, kowa yana yaba ku, ni kuwa abin da nake tunani shi ne, da kun zo mako guda kafin nan, da ya yarda ya je asibiti. Shi ma cewa ya yi sai an gama girbi."

Hannun Orest ya tsaya a kan waya ta ƙarshe.

"Baba Orest, injunan nan za su shiga gonarka ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya rage maka ka zaɓa, su shiga kana kwance a birni kana zagin Wendel a waya, ko su shiga Darlene tana tsaye a bakin gona tana karɓar gaisuwa."

Kukan wani jariri ya shigo daga wajen masu jira. Can Orest ya koma ya kwanta a hankali, ya miƙa wa Marlys hannu.

"Bakinki irin na uwarki ne," ya ce. "Kira shi. Ki ce ya fara da gonar gabas, ta fi nuna. Kuma kada ya bar yaron nan nasa ya taɓa mini inji."

"Darlene fa?"

"Ita kam sai na shiga mota. In ta ji yanzu, ta waya za ta ƙarasa ni."

Ta kira Wendel tana riƙe da wuyan hannun Orest tana jin bugun jininsa. Wendel bai tambayi komai ba sai abu ɗaya, ko yana raye. Da ta ce yana raye har yana zaginsa, sai ya yi wata gajeriyar dariya ya ce to shi ke nan.

Bayan allura irin wannan zuciya takan rikice a hanya, don haka dole likita ta bi motar. Ta roƙi Marlys ta sallami masu jira, mai jaririn kaɗai ta leƙa ta duba a tsaye. Ta aika wa mijinta saƙo ya ɗauko 'yarsu daga makaranta, ya kuma gaya mata wasan kwaikwayon ajinsu na yau ba za ta samu zuwa ba. Ba wannan ne karo na farko ba, kuma ta san yarinyar ba za ta yi kuka ba, shiru za ta yi, wanda ya fi kukan ciwo.

Hanyar doguwa ce, miƙaƙƙiya. Sau ɗaya bugun zuciyar ya hargitse har ta miƙe tsaye a cikin motar, sannan ya koma daidai da kansa. Orest ya rufe ido mafi yawan tafiyar. Da suka kai, likitocin zuciya suka karɓe shi a ƙofa suka wuce da shi ciki da sauri, ita kuma ta zauna a kan benci da kofi a kofin takarda, ba ta sha ba har ya huce. Da yamma wata likita ta fito ta ce sun buɗe jijiyar, kuma ya ci sa'a da aka kawo shi a kan lokaci.

Ranar Juma'a tana tsakiyar duba kunnen wata tsohuwa, Marlys ta leƙo ta ce ana kiranta daga Saskatoon, kuma mai kiran ya ce ba zai ajiye ba.

"'Yar Metro, an ce sun gama jiya."

"Sun gama. Alkamar tana cikin rumbu duka, a bushe."

"Darlene ta nuna mini hoto. Wendel ya bar kara da tsawo a ta gabas."

"Sai ka gaya masa da bakinka in ka dawo. Yaya ƙirjin?"

"Ƙirji lafiya. Abincin nan ne zai kashe ni, ko gishiri babu. Ke za ki riƙa duba ni in an sallame ni, ko sai na riƙa zuwa wajen waɗannan?"

"Ni ce, in za ka sha magani."

"To, za mu gani," ya ce, ya kashe wayar.

Ta wanke hannu, ta koma wajen tsohuwar, ta ce mata ta juyo da ɗaya kunnen.