Tukunyar da Ba Ta Isa Omdurman Ba

Duk unguwar Hajj Yusuf an san cikin Baba Badaru. Shekara ashirin yana shan ruwan kwatar gonakin auduga a Jazira, ya ci gasasshiyar fara shekarar yunwa, ko murɗawa cikinsa bai taɓa yi ba.

Ranar Laraba maƙwabcinsa ya dawo daga Makka, aka yi walima da shinkafa da naman rago. 'Yar Badaru, Ni'mat, tana aure a Omdurman, cikinta wata takwas, kuma mai ciki ba a hana ta rabon albarkar alhaji. Badaru ya cika mata tukunya da shinkafar, ya naɗe da bargo, ya tura kusurwar ɗaki. Garin kuwa zafi kamar gidan burodi.

Da safe matarsa Kulu ta ce, "Malam, shinkafar nan fa ta kwana."

"Ke dai ɗumama. Ni da na ga yunwar Jazira zan zubar da abinci?"

Ya ci loma goma, ya ba Jafaru direban bas sauran ya kai wa Ni'mat.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Badaru durƙushe gindin darbejiya, yana amai kamar zai fitar da hanji. Bakhita, nas ɗin da ke layinsu, ta zo da ruwan gishiri da sukari.

"Baba, shinkafa in ta kwana cikin zafi, ƙwayoyin cuta suna zuba mata dafi. Ɗumame ba ya kashe shi. Wa kuma ya ci?"

Badaru ya miƙe. Takalmi ɗaya ya samu. Ya tare tasi, kansa a waje ta taga, yana ta kiran sunan 'yarsa a zuci.

A Bahri, kafin gadar shiga Omdurman, ya hango bas ɗin Jafaru cikin layin shan mai, motoci sun fi ɗari.

"Jafaru! Ina tukunyata?"

"Ga ta ƙarƙashin kujera, Baba. Tun safe nake nan. Wallahi saura kaɗan in buɗe ta."

"Da ka sha mai a lahira, ɗan nema!"

Ya tona rami gefen titi, ya juye shinkafar, ya rufe, don kar akuyar wani ta ci. Sannan ya zauna a ƙasa yana hamdala.

Kwana tara bayan nan Ni'mat ta haifi mace, lafiya lau. Ranar suna aka fara tsokanar Badaru cewa cikin Jazira ya faɗi.

"Ya faɗi? Loma goma na ci na tsallaka gari! Waninku da biyu ya ci, da tuni an yi sadakar bakwai ɗinsa."

Kulu dai ta kwashe ragowar shinkafar sunan ta rabar tun da zafinta. Badaru da kansa ya riƙa miƙo mata kwanuka.