Jan Murfin Saje Na'ura

Tun da na fara jan bas a hanyar gada, ban taɓa wuce shingen jami'an shige da fice da wani dattijo da muke kira Mai Kifi a cikin motata ba tare da an sauke shi ba. A garin nan aka haife shi, a nan aka binne kakansa. Laifinsa dai dogon hanci da hasken fata, irin na mutanen tsallaken iyaka.

Mai shingen shi ne Saje Na'ura. Shi ya raɗa wa kansa sunan, wai idonsa ya fi kowace na'ura gane baƙo. Zai leƙo ta taga, ya bi fuskoki kamar mai zaɓen tumatir, ya ce, "Kai, mai hanci, sauko." Kafin ya gama juya katin shaidar Mai Kifi da ya riga ya haddace, ƙanƙarar da ke kan kifin ta zama ruwa. Ni kuwa ba na iya jira, fasinja za su cinye ni ɗanye.

Da koke ya yi yawa, sai manya suka aiko da gyara: an hana zaɓen mutum da fuska. Muka yi zaton injin za a kawo. Ashe wata baƙar jaka ce cike da fararen murafun kwalba, da ja guda ɗaya. Kowa ya sa hannu ya zara, wanda ya ci karo da ja shi za a bincika. Har hoto aka ɗauka ranar buɗe jakar.

Saje bai yi musu ba, mutum ne mai biyayya. Sai dai jan murfin bai taɓa shiga jakar ba, yana maƙale tsakanin yatsunsa. In an zo kan Mai Kifi sai ya ce, "Baba, hannunka da ƙarni, kawo in zara maka." Kullum ja.

"Ka gani ko? Ba ni na zaɓe ka ba, rabo ne."

Abin yana ƙona mini rai, wallahi.

Ranar da nake ba ku labari, Mai Kifi ya shigo jiki a sanyaye. Mai otal ɗin da ke sayen kifinsa ta yi rantsuwa: in ya sake kawo mata mai wari, ya nemi wata. Ita kaɗai ta rage masa.

Kafin gada wani saurayi ya tsayar da ni, riƙe da ledar magani, ya ce asibiti zai kai wa mahaifiyarsa. Da ya zauna sai kowa ya juyo yana kallonsa. Hancinsa ya fi na Mai Kifi tsawo.

A shinge Saje ya leƙo, ya daskare. Hanci biyu, jan murfi ɗaya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, har gumi ya tsattsafo masa. Can dai sabon hanci ya rinjaye shi.

"Samari, hannunka da kaya, kawo in zara maka."

Ja.

Mai Kifi ya sa hannu da kansa, karon farko, ya zaro fari. Amma ƙafafunsa sun saba. Sai da ya kai bakin ƙofa da kwandonsa na daka masa tsawa, "Baba, ina za ka? Koma ka zauna!"

Ya koma yana juya murfin, har sai da Saje ya fizge abinsa. Ta madubi na hango saurayin tsaye cikin rana, yana ɗaga ledar magani yana bayani, Saje kuwa yana nazarin hancinsa.

Mun isa kasuwa ƙanƙara ba ta narke ba. Mai Kifi ya sauke kwandonsa yana ta godiya ga Allah. Ya yi gaba, sai ya dawo wajen tagata, ya rage murya, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Direba, don girman Allah, gobe in ka ga mai irin fuskata a bakin hanya, ka tsaya masa."