Yasar Rijiyar Na'inna

"Harrison! Ka kashe injin nan, ka naɗe mesar ka fita da ita ta baya!"

Ina! Ƙarar injin jan ruwan ta toshe masa kunne, ko waiwayowa bai yi ba. Na'inna ta zagaya bakin rijiyar, ta leƙa, ta nufi zaure ta leƙa titi, ta dawo. Tun asuba ƙafarta ba ta tsaya wuri guda ba. Kunun da ta dama ma yana can kan turmi, ƙudaje sun yi masa rumfa.

Tsoro take ji, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Rijiyar nan marigayi mijinta, Malam Nata'ala, ya haƙa ta sadaka, kuma rabin layinsu a Jambutu ita suke sha. Shekarar da mutanen Mubi suka gudo Jimeta da ƙunshin kaya a ka, tsakar gidan nan cika ya yi maƙil, aka yi ta ɗiba dare da rana, ba ta taɓa ƙafewa ba. To yanzu tankin ƙasa na gidan man da ke bayan layin ya tsage, fetur ya shiga rijiyar maƙwabciyarta Ugochi, ma'aikatan muhalli suka zo suka toshe bakinta da siminti. Wata injiniya mai suna Aminat ta auna ta Na'inna, ta ɗibi ruwa a kwalba, ta ce za ta dawo. Yau ce ranar.

Na'inna kuwa ba mai zaman jira ba ce. Kowa ya san abin da ake yi wa rijiya idan kyanwa ta faɗa ciki: a yashe ta, a kwashe tsohon ruwa har sabo ya ɓulɓulo. Ita ba ta ji warin komai a ruwanta ba, amma wa ya san abin da na'urar mutanen nan ke jiyowa? Shi ya sa ta ɗauko Harrison mai injin jan ruwa, ya kwashe mako yana zuƙe rijiyar har ƙasa, ta cika ya sake zuƙewa.

A ƙofar gida mata sun fara jera jarkoki. Ugochi ce a gaba da babban baho.

"Hajiya, yau ma ba ruwa? Wallahi yarana bai yi wanka ba, makaranta kuma ya koma."

"Yi haƙuri, Maman Chidozie, baƙuwa nake jira. Tana tafiya zan buɗe muku."

Ba ta rufe baki ba keke mai ƙafa uku ya tsaya. Aminat ta sauko da jakarta, fuskarta a sake, har da murmushi.

"Dada, ina kwana? Albishirinki..."

Idonta ya bi mesar da ta ratsa zauren, ya bi ruwan da ke malala a kwata. Ta shige ciki da sauri, ta daka wa Harrison tsawa tana ɗaga hannu. Injin ya mutu, gidan ya yi tsit.

"Dada, tun yaushe ake jan ruwan nan?"

"Ɗan gyara ne kawai, 'yata. Yasa ce, irin wadda aka saba."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan zuwanki da kaɗan."

"Innalillahi." Aminat ta dafe kai. Ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna, ta sassauta murya. "Dada, ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiya yake yi, a hankali. A nan daga wajenku yake gangarawa, ya bi ta ƙarƙashin gidan man, ya wuce gidan Madam Ugochi, ya nufi Binuwai. Shi ya sa fetur ya same ta. Ku kuna sama da tankin. Ruwan da na ɗiba wancan zuwan tas ya fito. Albishirin da na kawo miki ke nan."

"To alhamdu lillahi! Ai shi ke nan."

"Da ba a taɓa ta ba. Amma duk lokacin da aka zuƙe rijiya har ƙasa, ruwa ta ko'ina yake rugowa ya cike gurbin. Har ta ɓangaren tankin."

Na'inna ta juya ta dubi injin.

Aminat ta ɗaura wata doguwar kwalba a igiya, ta zura a hankali, ta jawo. Ta ɗaga ta saitin rana. A saman ruwan wani siririn maiƙo yake yawo, shuɗi-shuɗi, ja-ja. Na'inna ta karɓe kwalbar da hannunta, ta kai hanci. Ba ta buƙaci na'ura ba.

"Mama, kar ka damu," in ji Harrison, yana kama igiyar tayar da injin. "Bari na ƙara ja, duka zai fita."

"Ka taɓa injin nan, ni da kai ne!" in ji Na'inna.

Ya sake shi, ya ja gefe yana sosa ƙeya. Kai, shi ma bawan Allah abin da aka sa shi ya yi.

"Za ta gyaru?" in ji Na'inna.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Dada. Ko sun tone tankin gobe, wanda ya shiga ƙasa yana daɗewa. Ni dai ba ni da ikon rufe ta sai an gwada wannan a ofis, kuma ba yau ba ne, ba gobe ba. Amma ko ɗiyata ce ba zan bari ta kurɓa ba."

Daga waje ana buga ƙyaure. Wata tana cewa shinkafarta na kan wuta. Babu wadda ta ji abin da aka faɗa a ciki, warin kuma bai kai wanda za a ji a tuwo ba. Na'inna ta san wannan sarai. Ta tsaya riƙe da kwalbar, baƙin ciki ya ishe ta, don babu wanda za ta zaga. Ta duba hagu ta duba dama, sai kanta.

Ta shiga ɗaki ta ciro kwaɗon akwatinta. Ta jawo murfin ƙarfen rijiyar, wanda bai taɓa ganin kulle ba, ta datse, ta ɗaure makullin a haɓar zane. Sannan ta ɗauki bokitinta ta buɗe ƙyaure.

Matan suka taso da jarkoki. Ta tare ƙofar da jikinta.

"Fetur ya shiga. Ni na jawo shi da hannuna. Kada wadda ta sake sha."

Hayaniya ta kaure, wannan na salati, waccan na tambaya. Ugochi kuwa ta ɗora bahonta a ka.

Na'inna ta jawo ƙofar ta fito titi, ta tsaya tana waige-waige da bokiti a hannu.

"Maman Chidozie," ta ce, "ina mutane suke ɗiban ruwa a unguwar nan?"