Gadar Wymond

Ni dai ko agwagwa ta taso mini guduwa nake yi, shi ya sa nake ƙaunar labarin Wymond, tsohon mai tsaron ƙofar gidan ganuwarmu.

Maigidan ya mutu a yaƙi, ya bar uwargida Aldith da jariri. Ana idar da makoki sai ga ƙanen marigayin, Fulke, da mahaya, ya zo ƙwace gidan. Ya ja linzami a bakin gwalalon da ya kewaye ganuwar, ruwa cike, gadar katako kuma a ɗage.

"Kai tsoho, sauke gadar nan!"

Wymond ya leƙo daga saman hasumiya, a tsorace yake, amma daga ƙasa wa zai gani?

"Ranka ya daɗe, ba za ta sauku ba."

"Ka san wanda kake yi wa magana?"

"Yo ba ni na tsamo ka daga ruwan nan kana tsala ihu, wando a wuya ba? Gidan marayan ne. In ka koyi iyo, shigo."

Mahayan suka tuntsire da dariya. Fulke ya dubi kaurin ganuwar, ya dubi ramukan harba kibiya, ya rantse sai ya rataye tsohon, sannan ya juya da mutanensa. Uwargida ta ba Wymond sabuwar riga da tulun giya.

Sarƙar gadar kuwa tun bara tsatsa ta cinye ta. Ta ƙaramar ƙofar baya kowa ke shiga, ranar ma a buɗe take.